Ƙanena Ya Bar Karatu Ya Ɗauki Bindiga A Kashmir

Zuwa ga Malam Badaru, mai Filin Shawarwari,

Assalamu alaikum. Don Allah Malam ka taimake ni. Yau kwana tara ina yawo da wata takarda a aljihu, na rasa wanda zan nuna wa.

Ni malamin firamare ne a Ajingi. Ina da ƙane, autanmu, zan kira shi Ja'afar ko da yake ba sunansa ke nan ba. Shekara biyu da suka wuce gwamnati ta tura shi Lahore, a ƙasar Pakistan, ya koyo aikin likitan dabbobi. Mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira ni.

Ranar kasuwar Gaya na biya gidan waya na karɓo wasiƙarsa. Ina buɗewa sai hoto ya faɗo. Ja'afar ne a kan wani dutse, ya tara gemu, ya lulluɓa da bargo, ga bindiga a hannu. Wallahi sai da na jingine kekena na zauna a ƙasa. Wai ya bar makaranta tun farkon damina, ya bi wani abokinsa ɗan Kashmir da aka ƙone musu ƙauye, sun shiga cikin masu ƙetara iyaka suna yaƙar sojan Indiya. Ni fa Kashmir ɗin nan a rediyo kawai nake jinta. Indiya ta ce tata ce, Pakistan ta ce tata ce, tun ina ɗan makaranta suke wannan rigimar. Me ya haɗa ɗan Ajingi da ita?

Ba wannan kaɗai ba. Innarmu tana fama da yanar ido, ko fuskar jikokinta ba ta ganewa. Da ƙyar muka shawo kanta ta yarda a yi mata aiki a Kano wata mai zuwa. Likitan Ba'indiye ne, ni da hannuna na rubuta wa Ja'afar haka. Shi ne ya ce kada mu yarda mutumin ya taɓa idon Inna, wai abokin gaba ne. Inna kuwa ba ta ƙetare maganar autanta.

To na yi abin da ban taɓa yi ba. Da ta ce in karanta mata wasiƙar, sai na ƙirƙiro: yana lafiya, ya ci jarrabawa, yana gaishe ta. Ta shafa hoton ta tambaye ni me yake yi, na ce sandar kiwo ya riƙe. Ta ɓoye shi a adudunta, ta ce shi za ta fara kallo ran da aka kwance mata ido. Ga kuma Kubura, 'yar Kawu Barau na Kademi, ita da Ja'afar suna son juna, tana nan tana jiransa.

In faɗa wa Inna gaskiya ta fasa aikin? In ɗauke hoton? In na sanar da hukuma kuma ina tsoron a kore shi daga karatun gaba ɗaya.

Naka,
Wanda abin ya fi ƙarfinsa, Ajingi

AMSA

Ɗan'uwa, wa alaikumus salam. Ni ma sai da na karanta wasiƙarka sau biyu kafin na iya ɗaukar alƙalami.

Kada ka ɗauki ƙanenka mugu. Tausayin aboki ne ya ja shi, kuma yana nesa da duk wanda zai tsawata masa. Amma an aike shi karatu ne, ya tafi yaƙi ba da yardar uwarsa ba. Likitan da ke Kano kuwa bai ƙona ƙauyen kowa ba. Wannan magana ta Ja'afar a ajiye ta gefe, a yi wa Inna aikinta.

Gobe ka hau kekenka zuwa Kademi. Kawunka babba ne, kuma 'yarsa tana da haƙƙin sanin wanda take jira. Ku biyu ku rubuta wa ofishin da ya tura shi a Kaduna, da ofishin jakadancin Nijeriya a Karachi. Tunda an tsagaita wuta tsakanin Indiya da Pakistan, yanzu ne lokacin nemansa. In karatun ya salwanta, ya salwanta. A dawo da shi da ransa tukuna.

Ƙaryar da ka yi, tausayi ne ya sa ka, amma kada ka ƙara da satar hoto. Bar hoton inda yake. Ka tambayi likita yaushe kuka ba zai cutar da idon ba. A ranar, kai da Kawu ku zauna da Inna, ta ji daga bakinka kafin ta gani da kanta, ka kuma nemi gafararta. Za ta yi fushi, ka jure.

Shi ma Ja'afar ka rubuta masa, ban da zagi. Ka ce ka karanta wasiƙarsa ka kasa karanta wa uwarsa. Wannan ya ishe shi tunani.

Amsa tana iya daɗewa, ka yi haƙuri. Allah ya ba Inna lafiya, ya dawo muku da Ja'afar gida.

Malam Badaru