Jan Iri Ya Sake Zuwa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata Inna Kulu, a makwancinki na Birnin Malam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uwa, ina sanar da ke cewa gwamnati ta sake tuna mu. Madalla da ita.

Kin san yadda bara ta yi. Gulbi ya tashi ana saura kwanaki a yanke gero, ya kwashe gonar, ya bi rudun da muke ajiye albasa ya ruɓar da ita har ƙasa. Rediyo ya ce an gargaɗe mu mu koma tudu. Wane tudun? Na ubansu?

Sai da damina ta ɗauke ƙafa sannan anka kira mu Jega karɓar taimako. Na yini a layi. Anka ɗora mini buhu a ka, anka ce in yi murmushi, anka ɗauki hoto. Irin masara ne mai jure canjin yanayi, in ji su, jawur da maganin ƙwari. Malamin gona ya ce na shuka ne, ba na ci ba. Ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Bai dai faɗi abin da za mu ci kafin wata daminar ba.

Ni na ɗauko shi a kan babur ɗin kabu-kabu, Inna. Da hannuna na jingine shi a ɗakinki.

Wata biyu kina kallonsa. Ranar da Sa'adatu, 'yata mai shekara huɗu, ta daina kukan yunwa ta koma kallon bango, kinka kwance bakin buhun. Kinka wanke, kinka zubar, kinka sake wankewa, har ruwan ya fita fari. Kinka ce babu dauɗar da ta gagari ruwa. Kinka surfa, kinka niƙa, kinka tuƙa.

Sannan kinka yi halin naki. Ba a taɓa ba jikarki abin da ba ki fara kai wa bakinki ba. Kinka ci malmala guda, kinka ce kowa ya dakata zuwa la'asar.

Ba mu kai asibitin Aliero da ke ba. A bayana kinka yi sanyi, ɗaure da zane, mai babur yana ta salati.

Ina jin haushinki, wallahi. Ni ne namijin gidan, ni ya kamata in ci. Kinka bar ni da rai da kunya, kuma har yau ba na iya kallon tuwon masara.

Bana ma ruwa ya ci mu, har Maiyama. Shekaranjiya anka kira mu, na sake yin murmushi. Buhun yana nan inda na ajiye na bara, ja kamar wancan. Matata Hajaru ta sayar da akuyar ƙarshe, mun cinye. Sa'adatu ta fara kallon bango.

Innata, ba na nan lokacin da kike wankin, ban ƙirga ba. Sau nawa kinka wanke? Ki zo mini ko a mafarki ki faɗa, in ƙara biyu a kai. Wannan karon ni zan fara ci.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya ciyar da ke abin da babu magani a cikinsa. Waɗanda sunka ɗauki hoton kuwa, na bar su da Shi.

Ɗanki,
Umaru