Kada Ku Sa Inna Ta Kira Sunan Malam

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar wutar lantarki ta ƙauyenmu da ke gaba da Saga, da mambobin buro masu jagorancin ƙungiya, da dukan masu kujera a taro.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Alhaji, bayan gaisuwa irin ta ƴa da uba, ina yi maka barka da ɗawainiya. Ina gaida iyayena mata na ƙungiya, Hausawa da Zabarmawa, fofo, sannunku da aiki. Ni ce Rabi mai ɗinki a unguwar Bobiel a Yamai, ƴar fari ga abokinka marigayi Malam mai lambun bakin ruwa. In ka manta fuskata, ni ce wadda kake tsokana da ƴar birni duk ranar da na zo biki da takalmi mai tsini na kafe cikin taɓo.

Na rubuto a fili ne domin abin da ya kawo ni a fili ya faru, a gaban kowa. Kuma ni ba mamba ba ce, ba ni da bakin magana a taronku. Don haka ina roƙo a karanta wannan takarda da Hausa, a juya ta da Zabarmanci, kafin taron da ke tafe. Maganar a kan mahaifiyata ce, Inna, da kujerar da Baba ya bari.

Na ɗaya: matsayin ƙungiyar nan a gidanmu.

Ka fi ni sanin yadda aka fara. Ina budurwa kuka haɗa kai kuka kafa allunan wutar rana a bayan masallaci, kuka ja waya gida gida. Baba yana cikin waɗanda suka haƙa ramin turakun, Inna kuma ita ce ke kai muku fura a ƙwarya har aka gama. Mu ƴan birni kuran, wato wutar lantarki, abin saya ne, in an ɗauke mu yi tsaki, in an kawo mu manta. A wajenku ba haka ba ne. Da ita ake jawo ruwa zuwa lambu, da ita matan masunta ke ajiye kifi a firigo, kuma ta dalilinta ake haɗuwa.

Haɗuwar nan ita ce rayuwar Inna. Ranar wankin alluna, in layi ya zo kan gidanmu, tare suke tafiya da Baba, shi da tsani ita da bokiti da tsumma, suna goge kashin tsuntsayen shinkafa suna gardamar wa ya bar datti. Ranar taro tana zama a bayan kujerarsa, a tabarmar mata, kusa da aminiyarta Gwaggo Hamsatu. Baba ne ke ɗaga hannu, amma kowa ya san daga wace tabarma ra'ayin ya fito, kai kanka ka sha faɗa ana dariya. Ranar bikin shekara kuwa, da ake tuna kunna wutar farko, tukunyar dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, tata ce. Wallahi na ga manya da rawani suna satar ido suna neman ƙari.

Na biyu: abin da ya faru a taron bayan girbin shinkafa.

Na san dalilin dokarku, kuma ban raina ta ba. Wani mamba ya rasu, ƴan'uwansa suka yi ta rigima a kan kujerarsa har zumunci ya ɓaci. Sai taro ya yanke cewa duk mai gadon kujera ya tashi a gaban jama'a, ya riƙe mikro, abin ƙara murya, ya faɗi da bakinsa cewa ya karɓi kujerar wane, ya ambaci sunan mamacin. Doka ce mai kyau ga maza ƴan'uwa masu gardama. Ina jin ranar da kuka yanke ta babu wanda ya tuna da matar mamaci.

Baba ya rasu da damina. Inna ta yi takaba ta gama, kuma wancan taron shi ne fitarta ta farko cikin jama'a. Ni na ɗinka mata kayan da ta sa, na biyo taksi tun da safe don in raka ta. Har murmushi na gani a fuskarta da muka hango rumfa da kujerun roba, rabona da ganin haka tun kafin ciwon Baba.

Da aka zo kanta, sabon sakatare ya miƙa mata mikro. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi sallama, ta ce: "Na karɓi kujerar Malam."

Sakatare ya ce, cikin ladabi fa, ban yi masa ƙarya ba, malamai suna da yawa a ƙungiya, wane Malam? Ta ce baban Sa'adu, Sa'adu kuwa ƙanena ne. Ya ce doka suna take so. Inna ta yi shiru. Mikron nan bai rufa mata asiri ba, duk rumfar ana jin numfashinta. Wani daga baya ya ɗaga murya ya faɗi sunan don ya taimake ta, samari suka kwashe da dariya. Ban ce dariyar mugunta ba ce, amma dariya ce, kuma a kan uwata aka yi ta. Liman ya yi gyaran murya. Kai kuma, Baba Alhaji, na ga ka sunkuyar da kai kana juya carbi. Inna ta mayar da mikro da hannu biyu kamar yadda ta karɓa, ta yi godiya, ta nemi takalmanta.

Muka taho tare har ƙofar gida. Nan ta tambaye ni ko ɗankwalinta ya zauna daidai lokacin da take tsaye.

Na uku: abin da shirun nan yake nufi.

Sunan mahaifina Lawali. Ni da nake ƴarsa ma da nauyin hannu na rubuta shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba, ko cikin fushi, ko cikin barci. Akwai jikan maƙwabta da ya ci sunan, har ya yi gemu Mai Sunan Malam take ce masa. Lokacin da aka kwantar da Baba a likita a Yamai, ma'aikaciya ta tambaye ta sunan majinyaci, sai ta fito har bakin ƙofa ta yafito ni in zo in faɗa. Ni kaina, da yake ƴar fari ce, ba ta taɓa kirana Rabi ba. Ke ƴar nan, shi ne sunana a bakinta, kuma babu mai kirana da abin da ya fi shi daɗi.

Haba Baba Alhaji, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wajenka. Hajiyarka tana kiran sunanka? Mu kunya muke cewa, su Gwaggo Hamsatu su ce hawi, duk abu ɗaya ne. Mu na yanzu mun sassauta, ni nakan kira mijina da sunansa in ya ɓata mini rai, har da na babansa in abin ya yi zafi. Amma su Inna da wannan suka girmama mazajensu. Ba ta da gona da sunanta da za ta ce ta yi masa sadaka da ita, ba ta iya rubutu ba balle ta rubuta masa wani abu. Abin da ta ba shi tun tana amarya shi ne wannan shirun, kuma har yanzu tana ba shi.

Na huɗu: halin da ake ciki tun daga ranar.

Ina so a fahimce ni, ba wanda ya yanke wa gidanmu wuta, kuma ban zo ƙarar kowa a kan haka ba. Inna ce da kanta ta daina kunna ampul ɗin ɗakinta. In magariba ta yi sai ta ɗauko tsohuwar tocila. Na yi magana, ta ce wutar masu kujera ce, ita ba ta san matsayinta ba tukuna. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ce in rufe mata baki in ba so nake ta kore ni Bobiel ba.

Layin wankin alluna ya zo kan gidanmu, ba ta je ba. Bikin shekara ya zo, tana jin kiɗa daga tsakar gida, ta ce ƙafa ke mata ciwo, alhali da safen nan ta je lambu ta dawo. Gwaggo Hamsatu ta kawo mata kopton da wasu suka kwaɗa, ta ɗanɗana ta ce ƙuli ya yi kaɗan, sai ta juya fuska bango. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Na je buro, ofishin ƙungiya. Sakatare ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai, kakarsa haka take. Amma ya ce taro ne ya kafa doka, taro kaɗai ke iya taɓa ta. Ya kuma gaya mini abin da ya hana ni sukuni: in Inna ba ta faɗa ba a taron da ke tafe, kujerar za ta koma hannun ƙungiya. Gidan zai ci gaba da samun wuta kamar na kowane mai saye, amma babu zama a taro, babu layin wanki, babu tukunya a biki. Wasu sun ce Sa'adu ya karɓa. Sa'adu direba ne, yana hanyar Agadas, ni kuma aure ya kai ni birni, dokarku ta ce sai mazaunin gari. Ko da muna nan ma, mu ba mu goge allo ko ɗaya ba. Kujerar ta Inna ce.

Na biyar: roƙona.

Ban ce a soke doka ba. Ina roƙon a buɗe mata ƙofa kaɗan. In matar mamaci ce ko uwarsa ta tashi, a bar ta ta ce ta karɓi kujerar maigidanta. Sai Liman, ko kai da kanka, ku faɗi sunan a madadinta, ku yi masa addu'a, ita ta amsa da amin. Jama'a sun ji suna, sun ga mai gado, sun ji muryarta. Me ya rage na shaida?

Ina roƙo kuma, in taro ya yarda, kada a aika mata takarda. Ka tura iyayena mata su je har gida su gaya mata, Gwaggo Hamsatu a gaba, su taho da ita. Ba Inna kaɗai ba ce. Ku dubi tabarmar mata a taro, ku dubi furfurar da ke kan kujeru. Wannan rana tana jiran da yawa daga cikinsu.

Abin da ya sa na kasa haƙuri har na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani ran Juma'ar da ta wuce. Na zo da la'asar ban same ta a gida ba, aka ce tana lambu. Na bi ta. Tun daga bakin shinge na hango ta zaune a kan bakin kwalbatin ruwa, ita kaɗai, ta juya baya. Ta dunƙule hannu ta kai kusa da baki kamar mai riƙe da mikro. Na tsaya ban yi sallama ba. Na ji ta ce na karɓi kujerar, sai ta tsaya. Ta sake. A karo na gaba ta buɗe baki ta ce "La…", ta ja shi, sai harshenta ya kauce ya ƙarasa da "La ilaha illallah." Ta share fuska da gefen mayafi, ta gyara zama, ta sake dunƙule hannu.

Koyo take yi, Baba Alhaji. Tsohuwa da jikoki ta ɓuya a cikin lambun mijinta tana koyon yadda za ta kira sunansa, don kada a raba ta da ku. Na koma da baya a hankali na jira ta a gida, kuma har yau ba ta san na gani ba. Ka san Inna, in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Da farko ina tsoron ta tashi a taro ta sake kasawa. Tun ran Juma'a tsorona ya sauya, yanzu ina tsoron ta iya. In ta faɗa, za ku ba ta kujera a tafa mata, ta koma gida ta zauna da abin da ta yi, kuma babu taron da zai iya mayar mata da shi.

Don Allah ku riga ta. Ku zauna a kan maganar nan kafin a miƙa mata mikro.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar jama'a. Allah ya albarkaci ƙungiyar nan da duk mai hannu a cikinta, ya jiƙan waɗanda suka haƙa ramin farko suka riga mu, ya haskaka kabarinsu. In na yi kaushin harshe a wani wuri, a yafe mini, zafin uwa ne.

Wassalam, daga ƴarku mai jiran amsa,

Rabi mai ɗinki, Bobiel, Yamai.