Ba ni na ɓata maka kwamfuta ba

Yaya,

Na wuce wurin aiki, ban tashe ka ba.

Kwamfutarka ta gyaru, allon ya daina daskarewa. Na buɗe bidiyon da kake haɗa wa mai shagon nan, na ja shi gaba na ja shi baya, lafiya lau.

Ka san abin da ya same ta? Filashin nan naka mai jan zare. Duk na'urar da ka saya sai ka juye mata manhajojin da ke cikinsa, wai da su ka saba. Direban da ke ciki, wato manhajar da ke sarrafa katin nuna hoto a allo, na tsohuwar kwamfutarka ne. Katin wannan sabuwar bai san shi ba, shi ya sa da ka kunna bidiyo sai allo ya tsaya cik. Na goge shi, na sauke wanda aka yi wa wannan katin.

Jiya a gaban Mama da abokinka ka ce ni na ɓata ta da kallon fina-finai. Har Mama ta sa na ba ka haƙuri. Na kuwa bayar, ka karɓa ko kunya babu.

Kada ka sake soka filashin nan a jikin kwamfutar.

Ba godiya nake nema ba. In Mama ta ga allo na aiki, cewa za ta yi kai ka gyara. Ka faɗa mata gaskiya da bakinka, da irin muryar da ka ɗaga jiya.

Ƙanwarka