Firam Ɗin da Ka Aiko

Zuwa ga angona, Sarkin Barci,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da injinan da kake gyarawa. Yaya ciwon bayan? Ni lafiya lau, sai gwiwa da ba ta jin magana, kamar wani da na sani.

Firam ɗin da ka aiko don takardar shaidata ya iso, amma ka yi gaggawa. Amaryarka ta faɗi jarrabawa. Shekara uku ina zuwa ajin manya, na iya bin Littafin Allah da yatsa daga bango zuwa bango, sai malamarmu, yarinyar da na girmi uwarta, ta ce harufa huɗu ba sa fita daidai a bakina. Yo ta ina za su fita, haƙoran gaba sun riga ni yin ritaya? Inda za a ji harafi, fito ake ji. Na dawo gida na rufe littafin, na ce ba mai ƙara jin karatuna sai an buga mini hatimi.

Ka tuna Mai Ɗinki ta ɗakin ƙasa, wadda ta kama ka kana satar maɓallanta? Ranar Talata aka yi mata aikin ido. Tun kafin ranar tsoro ya hana ta cin abinci, ta aiko wai in zo in yi mata karatu kafin a tafi da ita. Sau biyu ina cewa a nemo malama, malama kuwa ta yi tafiya.

Ranar aikin da safe na ji motar asibiti ta tsaya a ƙofa. Kunya ta ishe ni, na buɗe littafin don in sami inda zan ajiye idona, sai ga ayar da ke nuna Ubangiji Ya fi jijiyar wuyan mutum kusa da shi. Na ce to, Wanda Yake kusa haka ai Ya san abin da fiton nan yake nufi tun bai fito ba. Izinin wa kuma nake jira?

Na sauka matakala da takalmi bambam, na kama hannunta na yi karatu. Sau bakwai na yi fito, ita ta ƙirga. Da dariya aka sa ta a mota. Jiya aka cire mata bandeji, da ta gan ni, abin da ta fara faɗa wai ashe haka na tsufa.

Ajin ban daina zuwa ba, malama gaskiyarta ce, ina nan ina kokawa da harufan. Firam kuwa na kai wa mai gilashi ya sa masa madubi, na rataye inda ka ce a rataye takardar. In ka zo ka leƙa ciki, za ka ga wanda ya kamata ya riƙa tashinka sallar asuba. Na daina buga maka waya don in tashe ka.

Ka gaishe da abokan aikinka. Allah Ya yi maka albarka.

Ni ce amaryarka mai fito,
Kaka