Mijina Yana Gyangyaɗi da 'Ya'yan Mutane a Adaidaita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a guruf ɗin nan, sunayen da zan faɗa ma duk canza su na yi. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle.

Ni matar aure ce a Gyaɗi-Gyaɗi, 'yarmu ɗaya, Husna, tana firamare. Mijina adaidaita yake ja, kuma ba don yana mijina ba, mutum ne mai natsuwa, ko goro ba ya ci balle sigari. Saboda wannan halin ne iyaye a layinmu suka ba shi jigilar yara, da safe ya kwashe su ya kai makaranta can Tarauni, in an tashi ya dawo da su, har da Husna a ciki. Biyu daga cikin yaran na maƙociyata ne Maman Joy, malamar makaranta ce 'yar kudancin Kaduna, katanga ce kawai tsakaninmu. Ita ta fara ba shi nata, ita ta jawo masa sauran iyayen, tana cewa in dai Abban Husna ne ido rufe za ta ba shi yaro. Ranar da naƙuda ta kama ni matar nan ce ta riƙe ni har asibiti.

Bayan ƙaramar salla ya fara wani irin jiri. Yana zaune ƙalau sai ya ce ɗaki yana juya masa, in ya ɗago daga sujada sai ya dafa bango, zuciya ta yi ta tashi har ya yi amai. Mun ɗauka taifod ne, ya sha magani shiru, aka auna jini aka ce bai hau ba. Ni kuma da ma ba na iya tafiyar mota, ko garinmu za mu sai na sha wata 'yar ƙwaya ta hana amai da nake saya a kemis, in na sha kuwa har mu isa ban san inda kaina yake ba don barci. Rannan na ga yana ta kakarin amai a bakin rariya, tausayi ya kama ni, na ɓallo ɗaya na ba shi. Kamar an zare ƙaya, jirin ya lafa. Shi ke nan fa ya riƙe ta, kullum da safe sai ya kora da shayi kafin ya fita. Ni sakarai ina ta murna na samo wa mijina magani, sam ban kawo a raina ba cewa ni fasinja ce nake sha in yi barcina, shi kuwa shi ne mai tuƙin.

Husna ce ta fara tsegunta min, tana dariya, wai Abba ya yi barci a danja, masu mota suna ta hon, sai da Joy ta taɓa kafaɗarsa ya farka. Da na tambaye shi ya ce gajiya ce. Bayan nan sai ya dawo da adaidaitar gefenta a goge, da ƙyar ya yarda ya faɗa min cewa a hanyar Darmanawa ido ya ɗauke shi, ya sauka daga kwalta, saura ƙiris su faɗa kwalbati, yara cike a baya. Su ya ce musu akuya ya kauce wa. Innalillahi.

Na yi ta kuka da magiya har ya je asibiti. Likita ya ce alamu sun nuna daga cikin kunne ne, ya tura shi wajen likitan kunne, su kuma suka ba shi rana mai nisa. Ya kuma gaya masa ƙarara, in ya sha ƙwayar nan kada ya yi tuƙi, in jirin na damunsa ma kada ya yi. Shi kuwa cewa ya yi likita ba zai ciyar masa da gida ba. Ya gwada shan rabi, jirin ya dawo masa a tsakiyar titi. Yanzu mutumin da ba ya cin goro kullum da shi a kumatu, ga kofi, ga wanke fuska da ruwan sanyi, amma ina kallon idonsa da safe, a lumshe yake fita.

Na ce ya ba wani abokinsa jigilar na ɗan lokaci, ya ce iyaye shi suka yarda da shi, dole su tambayi dalili. Na ce to a faɗa musu gaskiya mana, ciwo ai ba abin kunya ba ne. Nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce ko na manta garin da muke? Da zarar an ji ɗan adaidaita yana shan ƙwaya yana layi, babu mai tsayawa tambayar wacce iri ce, ɗan ƙwaya za a sa masa, mai adaidaitar da ya ba shi haya ya ƙwace abarsa, sunan kuma ya bi Husna har gidan miji. Yana faɗa yana hawaye, ban taɓa ganin hawayensa ba. Ƙarshe ya ce in na buɗe baki na faɗa wa wani bai yafe min ba. Ina son mijina, kuma na san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ni ma tsoron nake ji.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da na aikata da kaina. Satin nan na cire Husna daga adaidaitar. Na ce masa ina son in riƙa kai ta ne don in ga malamarta, ya sunkuyar da kai kawai, na san ya gane. Yau da safe Maman Joy ta kawo nata biyun, ta ɗora su, ta gyara musu kwandon abinci, ta juyo ta ce, "Maman Husna, ina 'yata, kwana biyu ba ta bin su?" Na ce mura take yi. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗaga wa yaranta hannu, ta wuce aikinta hankali kwance. Na shige banɗaki na yi kuka har na gode Allah.

'Yan uwa ya zan yi? In faɗa mata, in tona asirin mijina, in jawo masa sunan da ba zai goge ba? In je wajen yayansa a ɓoye, alhali ya ce bai yafe ba? Ko akwai wanda ya yi irin wannan jirin ya samu maganin da ba ya sa barci? Masu ilimin addini ku faɗa min, wane haƙƙin ne ya fi nauyi a kaina? Don Allah kada ku zage shi, ku taimaka min da wuri. Na cire tawa na bar nata, kuma gobe da safe ma za ta kawo su.