Ƙodata Ce a Cikinka

Zuwa ga Pyo Gil-su, Baban Da-som, hasken safiyata, iskar tekun Yeosu mai sanyaya mini rai, inuwata ta shekara ashirin da biyu, kuma mafi taurin kai cikin duk mazan da suka taɓa riƙe cokali!

Ina gaishe ka a gadon asibitin da ka kai kanka. Rubutowa na yi, don idan na tsaya a gabanka yau, sai masu jinya sun fitar da ni. Raina ya ɓaci, masoyina, ya ɓaci ƙwarai.

Wata bakwai kacal! Har ka manta safiya ta uku bayan aikin tiyata? Muna tafe a barandar asibiti a dudduƙe kamar tsofaffi, kowa yana jan ƙarfen ƙarin ruwansa, ni an cire mini ƙoda, kai an dasa maka ita. Ka kama hannuna ka ce, "Ok-ran, ko dutse likita ta ce in ci, zan ci." Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi. Na yarda da kai, wawiya.

Tun ranar nake auna gishiri da ɗan cokalin shayi. Kifi sai ya dahu luguf, ganye sai na wanke sau uku. Lemon garehul, da likita ta hana ka, ya daina shiga gidanmu. Saiwar ƙarin ƙarfi da abokanka suka kawo, na mayar musu suna harara ta. Ni da aka haifa a bakin teku na bar ɗanyen kifi don kada ka gani ka haɗiyi yawu. Ba a gabanka likita ta faɗa ba? Maganin da ke hana jikinka ƙin ƙodar shi ne ya raunana garkuwarka, don haka ɗanyen abu guba ne a gare ka.

Sai ga bikin girbi na kaka, muka je gidan Inna, mahaifiyarka. Ta buɗe tulunta na ɗanyar kaguwa da ta kwana uku a ruwan gishiri, ta matse tsokar da yatsunta ta ɗora a kan shinkafarka. "Ci, ɗana, ka rame kamar tsinke. Ita wannan matar me take ba ka ne, ruwan zafi?" Na taka ƙafarka a ƙarƙashin tebur. Na sake takawa! Ka sunkuyar da kai ka buɗe baki. Na sani, ɗa ba ya mayar da abin da uwa ta ɗora masa a cokali. To cokali na biyu fa, da na biyar, wanda ka cakuɗa shinkafa a ƙoƙon kaguwar kana lumshe ido? Shi ma biyayya ce?

Ba na ganin laifin Inna. Kai ka ce mata 'yar tsakuwa aka cire maka daga ƙoda, wai kada hankalinta ya tashi. Wata bakwai ina shan gori a kan yunwatar da ɗanta, na yi shiru saboda kai. Yanzu ga zazzaɓi, ga gudawa ta tsotse ka, gobe kuma za su sa allura su ɗebi ɗan yankin ƙodar su ga ko za ta tsaya. Ƙodata ce, Gil-su! Shekara arba'in da tara na riƙe ta ba ta taɓa ciwo ba.

Don haka yau da safe na karya alkawarin da na yi maka na ɓoye wa Inna gaskiya. Na je gidan Inna, na durƙusa, na ɗaga rigata na nuna mata tabon. Ta shafa wurin da yatsun nan da suka matse maka kaguwa, sannan ta ce, "Ke kuma da kika kwanta, wa ya dafa miki miya?" Na miƙa mata takardar abincin da likita ta hana ka. Ta karɓa, ta ce in karanta mata a hankali, layi-layi, idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Gobe tare za mu zo. Ka shirya fuskar da za ka dube ta da ita.

Ruwan saman bazarata, ka warke don Allah. Ka rantse mini bakinka ba zai ƙara cin amanata ba. Ɗaya ta rage mini, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san kaina: da likitoci za su yarda, ita ma sai na ba ka. Ba za su yarda ba. Ka riƙe wadda ke hannunka.

Taka ce ni ina fushi, taka ce ni idan na huce, har ranar da za a rufe ɗayanmu.

Matarka,
Ok-ran