Muryar Baba Issifou a Cikin Baƙin Akwati

Dapaong, 6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga matata Khairiya, Maman Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Barakatu da duk mutanen gidanku na Komah. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ni lafiyata lau, sai kewarku da zafin garin nan.

Na rubuto ta hannun Alassani direba ne saboda ɗaki ɗaya kuke da Inna, duk abin da muka faɗa a waya tana ji. Ki karanta ke kaɗai, sannan ki zaɓi abin da za ki gaya mata.

Tun da kika ce Inna ba ta roƙon komai yanzu sai ta sake jin muryar mahaifinki, marigayi Baba Issifou, hankalina bai kwanta ba. Na je gidan rediyon da ya yi shekara goma sha huɗu yana gabatar da shirinsa na Hausa. Madam Zénabou, shugabar gidan, ta karɓe ni da mutunci. Ta ce kaset-kaset ɗin shirin ruwa ya lalata su a sito tun kafin rasuwar Baba, amma an riga an juye shirye-shiryen a cikin wani ɗan baƙin akwatin ajiya. Girmansa bai wuce bulo ɗaya ba. Faifai biyu ne a cikinsa, kwamfutocin gidan kan ɗebo abin da ke ciki ta waya. Shekara biyu ke nan da ya daina tashi, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya daina kula da irinsa. Ta ba ni shi amana, na kawo shi shago.

Bari in yi miki bayani. Akwatin nan ƙaramar kwamfuta ce marar allo. In an kunna shi, akwai ɗan shirin da ke fara farkawa, ana ce masa U-Boot. Shi ke tada babban, wanda muke cewa kernel, wanda ya san hanyar faifai da ta waya. Na akwatin nan sun lalace. Na sami wani dandali a intanet inda masu irin wannan akwati suka rubuta yadda ake sa masa sababbi, na karanta har sau uku.

Wahabu abokina na Lomé ya ce in aika masa da faifan ya kwafe su tukuna a babbar kwamfutarsa, don tawa ƙarama ba ta karanta irinsu. Amma Madam ba ta son kayan gidan su bar gari, ga shi aikin zai ci mako biyu ko uku. Kin ce Inna ta bar cin komai sai koko. Ba na jin muna da makonnin nan.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da Inna gaisuwar girmamawa, ki shafa mini kan Barakatu.

Mijinki,
Mudathir


Dapaong, 15 ga Mayu, 2024

Khairiya tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, Allah Ya ba ki lada. Na ji an ƙara wa Inna ruwa a asibiti kun dawo gida, Allah Ya sa a dace.

Ki yafe mini gajerun amsoshin da nake ba ki a waya kwanakin nan. Na shiga wani hali ne da ban so ki ji a muryata ba.

Tun farko na cire faifan biyu na naɗe su a ƙyalle na sa a aljihun tebur. Sannan na buɗe akwatin, na liƙa wayoyi uku da dalma a jikin allonsa, kowace ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba, na haɗa su da kwamfutata. Nan take ya fara yi mini magana da rubutu a allo. Na yi murna ƙwarai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna rubuta masa sabon U-Boot. Aikin bai kai minti ɗaya ba, sharaɗinsa kawai kada wuta ta ɗauke a tsakiya. Na ga hadari ya haɗo daga wajen Cinkassé. Na kuma san batirin na'urar da ke riƙe mini wuta ya mutu tun bara. Na ce a raina minti ɗaya ne kawai. Na danna, aka yi tsawa, fanka ta tsaya.

Da wuta ta dawo akwatin bai ƙara cewa uffan ba. Tsohon shirin na share, sabon bai gama shiga ba. Na zauna ina kallonsa har aka kira la'asar.

Wani a dandalin nan, wanda ko sunansa na gaskiya ban sani ba, ya ce irin wannan akwati yakan saurari wayar nan na ɗan ƙiftawar ido a daidai lokacin da aka kunna shi, ta nan za a iya ɗura masa shirin. Kwana huɗu ina gwadawa. Ya hau, ya hau, ya kai kashi casa'in da bakwai cikin ɗari, ya tsaya. In kashe, in sake. Masu kawo gyaran waya duk na ce su yi haƙuri. Jiya na rage tsawon wayoyin, na sake liƙa su, sai ga shi ya kai ɗari. Khairiya, na yi sujada a ƙasan shago, maƙwabcina mai ɗinki ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Mai wuyar ya wuce, saura kernel. Yanzu kina iya gaya wa Inna cewa in Allah Ya yarda kafin Juma'a ta sama za ta ji Baba yana buɗe shirinsa. Ki ce mata surukinta ne ya yi alkawari.

Naki har kullum,
Mudathir


Dapaong, 24 ga Mayu, 2024

Maman Barakatu,

Assalamu alaikum. Ina fata jikin Inna da sauƙi, ke ma kina samun hutu. Wannan takarda kada ki buɗe ta a gabanta. In kin riga kin buɗe, ki fita tsakar gida.

Na ga kiranki sau tara tun ranar Talata. Wayata ba ta lalace ba. Ni ne na kasa ɗauka.

Sabon kernel da sauran shirin a kan 'yar kile ta USB, wato filashi, ake zuba su, a soka ta a bayan akwatin. Kafin a zuba sai an share kilen tas. Bayanin da na karanta ya ce, da manyan baƙaƙe, kada a mayar da faifan ajiya sai an gama wannan. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni jira. Na tada akwatin na wucin gadi, na mayar da faifan don kawai in tabbatar suna nan. Kuma suna nan, Khairiya. Na ga sunan Baba da idona, a ƙarƙashinsa shirye-shirye ɗari shida da wani abu, kowanne da ranarsa. Har na ga na makon da aka haifi Barakatu. Da na kwafi ko guda ɗaya a lokacin! Na ce bari in gama aikin tukuna in kwashe su gaba ɗaya cikin natsuwa.

Na'urar nan ba ta kiran faifai da suna, harafi take ba su, wannan a, wannan b. Kwanakin baya duk kilen ce ke da harafin a, don ita kaɗai ce a jiki. Da na mayar da faifan sai haruffan suka sauya, ban duba ba. Na rubuta umarnin sharewa yadda hannuna ya saba, na danna. Ina jira in ga fitilar kilen tana ƙyaftawa, ba ta ƙyafta ba. Faifan ne ke gurnani a cikin akwatin. Kafin kaina ya gane abin da kunnena ke ji, na fizge wayar wuta, an yi wajen daƙiƙa arba'in.

Na ce ai akwai na biyu, don shi aka sa su biyu, kowanne kwafin ɗan'uwansa. Na gwada shi. Sai ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Wahabu ya saurara ta waya ya ce wannan ya mutu tun shekaru, ba wanda ya lura. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi.

Ranar Laraba na je na gaya wa Madam Zénabou. Ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce, "Mudathir, ba surukinka kaɗai ke ciki ba. Akwai tsofaffin matan ƙabilar Moba da muka bi ƙauye-ƙauye muka ɗauki waƙoƙinsu. Akwai dattawan zongo da suka ba da labarin fataucin goro. Ba ko ɗaya a raye." Ba ta zage ni ba, ba ta ce in biya ba. Ta raka ni har bakin ƙofa, ni kuwa na kasa ɗaga kai in dubi ma'aikatan.

Ba wuta ba ce wannan karon, ba hadari ba. Yatsana ne. Shekara huɗu da binne Baba, abin da ya rage nasa a duniya ni na goge shi, ni da ya ba 'yarsa ba tare da ya tambayi abin da na mallaka ba. Wahabu ya ce akwai shirin da ke tsinto ɓaraguzai daga faifan da aka share, ya turo mini, yana aiki yanzu haka. Ban sa rai ba, kada ke ma ki sa.

Ban san yadda zan roƙe ki gafara ba. In ba ki amsa ba, na fahimta.

Mudathir


Dapaong, 9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Khairiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da jiki, da Barakatu. Na sami 'yar takardarki mai layi uku. Kin ce ƙaddara ce, kin ce in ci abinci. Na lura ba ki rubuta sunana a sama ba, kuma ban ga laifinki ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi na sami abin da na turo miki ranar Alhamis. Shirin Wahabu ya kwana shida yana tono. Ya fito da gutsattsarin sauti sama da dubu bakwai, ba suna, ba rana, wani daƙiƙa uku, wani minti guda, wani ya fara da muryar mutum ya ƙare da ƙara kamar ana soya ƙosai. Ba yadda za a san na wane ne sai an saurara. Na rufe shago, na sa abin ji a kunne, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Na ji tallar taki, na ji sanarwar ɓatan akuya, na ji rabin waƙar wata tsohuwa, ta ɗaga murya za ta shiga amshi sai ta yanke. Irin waɗannan nakan ware su in kai wa Madam. Tana karɓa ta ce ta gode, godiyar nan kuwa ta fi mari zafi.

A na dubu uku da wani abu na ji Baba. Tun daga gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana na gane. Daƙiƙa goma sha huɗu. Amma da Faransanci ne, wata rana ce da mai karanta sanarwa bai zo ba ya karɓe shi, yana faɗin ranar da za a yi wa shanu allura. Na saurara ya fi sau talatin, na yi kuka, na turo miki ina ganin ko banza an sami wani abu.

Tun da kika gaya mini yadda ta kasance ban daina juya maganar ba. Kin ce kin kara mata wayar a kunne, ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Da aka sake sai ta kawar da kai ta ce, "Wannan ai mai labarai ne. Nawa ba haka yake magana ba." Gaskiyarta. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, bai taɓa yi mata Faransanci ba. Wannan muryar ofis ce, ba wadda ke kiranta daga zaure ba ce.

Amma abin da ya fi karya ni shi ne saƙon da ta ba ki. Wai a ce wa Mudathir ya yi aikinsa a hankali, kada ya takura kansa, ita ba sauri take ba, tana jira. Ashe ba ki gaya mata ba. Ashe kullum in ta ji tsayawar mota a ƙofar gida sai ta tambaya ko saƙona ne.

Na gama sauraron sauran jiya da azahar. Babu shi da Hausa, ko kalma ɗaya. Wurin da shirye-shiryensa suke nan ne daidai inda sharewar ta fara ci. Akwatin kuwa yana nan kan tebur yana aiki lafiya lau da sabon kernel ɗinsa, fitilarsa kore shar, ba komai a cikinsa. Gobe zan mayar da shi.

Kin ce jikinta na ƙara yin ƙasa, likita ya ce a bar ta a gida. Na yi tunanin mu bar ta a kan jiran, wataƙila shi ne rahama. Na kasa. Bai kamata ta tafi tana sauraron ƙofa saboda alkawarina ba, bai kuma kamata ke ki ci gaba da ƙirƙiro mata uzuri kullum kina haɗiye hawaye ba.

Zan biyo motar Alassani ranar Laraba. Kada ki ce mata komai kafin in iso. Ni na yi alkawarin, ni na share, ni zan durƙusa a gaban gadonta in faɗa da bakina. Abu ɗaya nake roƙo a wurinki, ko da ba za ki dube ni ba: ki kasance a ɗakin.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya jiƙan Baba Issifou, Ya sa ki iya yafe mini wata rana.

Mijinki,
Mudathir